Kastin ɗin farkon fim ma aiki ne, 'yan Kannywood a duba

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina gaishe ka da ma'aikatan wannan jarida, dan Allah a ba ni ɗan fili in taɓo wani abu da ba a cika kula shi ba a harkar fim ɗinmu, wato kastin, wajen nan na farko da ake jero sunan fim da na 'yan wasa da darakta kafin labari ya kankama. Kullum in ana maganar gyaran Kannywood sai dai ka ji labari, waƙa, sutura, kyamara, amma mintuna biyun nan babu mai waiwayarsu, alhali su ne zauren fim, kuma kowa ya san a garin nan tun daga zaure baƙo yake gane irin gidan da ya shigo.

Abin da muke gani a yawancin finafinanmu, har da masu dogon zangon da ake ɗorawa a YouTube duk sati, tambarin kamfani ne zai fito da ƙara, wani ya biyo, wani ya sake biyowa, sai godiya ta musamman ga Alhaji wane da Hajiya wance, sannan sunaye su dinga faɗowa cikin wuta da tartsatsi da harufa masu ruwan gwal, irin wanda ake saukowa da shi a shirye daga intanet a canja suna kawai, ko da kuwa labarin na zaman kishiyoyi ne a Fagge wanda babu ruwansa da wuta. Wani lokacin sunan jarumi ɗaya an rubuta shi iri biyu, na fosta daban na kastin daban. Wanda ya fi ci min rai shi ne a yanko guntayen ƙarshen labari a zuba a farko, kafin ka gyara zama ka riga ka ga wadda za a saka da wanda zai mutu, to me kuma ya rage ka jira? Tun daga Turmin Danya a 1990 zuwa yau an haura shekara 30, wallahi ya kamata a ce mun wuce nan.

A Amurka ma da can ba su ɗauki abin a bakin komai ba, har wajen 1950 jerin sunaye ne kawai a kan allo, wasu sinimomin ko labule ba sa buɗewa sai an gama shi. Wanda ya sauya wannan wani mai zanen fosta da tambari ne, Saul Bass. A 1955 darakta Otto Preminger ya ba shi aikin buɗe fim ɗin The Man with the Golden Arm, labarin mutumin da allurar ƙwaya ta kama, Frank Sinatra ne jarumin. Bass bai nuna fuskar Sinatra ba sam. Baƙin allo ne, sai fararen sanduna suna shigowa ta sama ta gefe suna bin kiɗa, sunaye na fitowa a tsakaninsu, a ƙarshe su koma hannu guda a karkace, mummuna, hannun da ake yi wa allura. Kafin kowa ya ce uffan ɗan kallo ya riga ya ji a jikinsa cewa labarin wahala zai gani. Mu nan finafinai nawa aka yi a kan shaye-shayen matasa, wanne ne ya buɗe da abin da zai tsaya maka a rai haka?

Shi dai Bass ɗin a fim ɗin Psycho na 1960 ya sa sunaye suna tsagewa biyu suna gocewa, saboda mutumin da labarin ke kansa hankalinsa a rabe yake. Shi kuma wani mai tsara buɗewar fim, Maurice Binder, a 1962 ya ƙirƙiro zagayen bakin bindigar nan na James Bond, wanda ko yaron da bai ji Turanci ba yana gani zai faɗa maka fim ɗin waye. Ka ga duk ba tsadar kayan aiki ba ce, tunani ne aka zauna aka yi.

Kuma mu ba mu rasa abin ɗauka ba. Ga dagi, ga zanen bangon Gidan Makama, ga aska takwas a ƙirjin babbar riga, ga rubutun ajami. Je ka Ƙofar Mata ka tsaya bakin karofi, a tsoma farin ƙyalle a ciro shi kore-kore, iska na bugunsa yana juyewa shuɗi a gaban idonka, in an kwance ɗaurin sai zane ya bayyana fari tas. A ce labarin wani ne da abokai suka canja masa hali, aka buɗe da wannan, sunaye na fitowa a inda aka kwance zaren, da kukuma ko sarewa a ƙasa-ƙasa, ai an gama faɗar rabin labarin ba tare da an tona komai ba. Ko labarin rabon gado a gidan ɗan kasuwar Kwari, a nuna hannu da almakashi yana tsaga turmin atamfa ɗaya gida-gida.

Na san za a ce mutane tsallakewa suke, data ta yi tsada, ko Netflix ma tun 2017 ta sa maɓallin tsallake buɗewa. Gaskiya ne, amma abin da ya yi tsawo kuma bai ce komai ba shi ake gudu. A yi shi daƙiƙa 40 mai ma'ana mana, godiyar alhazai a mayar da ita ƙarshe.

Sannan akwai maganar haƙƙi. Mai haske, mai ɗaukar sauti, mai kwalliya, waɗanda suka sha rana a lokeshan, sunayensu ake gudu da su da ƙananan harufa yadda ko iyayensu ba za su iya karantawa ba. Yaran da ke editin a Zoo Road kuma ba iyawa suka rasa ba, sai dai sau da yawa ana gobe za a saki fim ake ce musu a jefa kastin, babu kuɗinsa babu lokacinsa.

Roƙona ga furodusoshi su ware wa wannan aikin kasonsa tun a kasafi, a miƙa labarin ga mai zanen kastin ɗin ya karanta kafin a fita ɗauka. Masu shirya bikin karrama 'yan fim su buɗe masa rukuni, tunda ko kyautar Emmy ta talabijin a Amurka tana da rukunin tsara buɗewa. Malamanmu na BUK da makarantar fim ta Jos su ma su sa ɗalibai su riƙa gwada shi da kayan gida.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Mai karatunku daga Gwammaja, Kano