Takardar Koke Daga Mazauna Tudun Wadan Zariya Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Zazzau

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Zazzau,
Malam Ahmed Nuhu Bamalli,
Fadar Zazzau, Birnin Zariya.

Ta hannun Mai Girma Hakimi, da sanin masu unguwanninmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da imani. Bayan gaisuwa da mubaya'a irin ta talakawa ga uban ƙasa, mu ne mazauna lungunan da ke kewaye da tsohon asibitin Tudun Wada, daga masu gidaje har 'yan haya, da limamanmu da malaman makarantun allo da iyaye mata. Mun yi shawara a tsakaninmu, muka ga ba mu da inda za mu kai kukanmu da ya wuce fada. Kukan kuwa shi ne unguwarmu tana fita daga hannunmu gida bayan gida, kuma tsaron da muka gada yana tafiya tare da mutanen da ke tashi.

Ranka ya daɗe, Sarki ya fi mu sanin cewa tun zamanin Turawa Tudun Wada masaukin baƙi ce. Kanawa da Katsinawa da Sakkwatawa da Barebari da Nufawa duk a nan suka sauke kaya, tsakanin ganuwar birni da rafin Kubanni, suka hayayyafa har jikokinsu ba su san wani gari ba sai Zazzau. Saboda haka ba baƙo muke gudu ba, mu kanmu jikokin baƙi ne. A da, asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana tsakiyarmu, harabar jami'ar ta Kongo tana gefe da ɗalibanta masu karatun lauya da na mulki, kwalejin horar da malamai ta tarayya ma ba ta da nisa. Ma'aikatan jinya da masu gadi da direbobi suna haya a gidajenmu, 'yan jinya daga ƙauyuka suna kwana a zaurukanmu, matanmu suna sayar da abinci, masu shayi ba sa tashi sai tsakar dare.

A wancan lokaci ba mu da fitilar titi ta kirki, ba mu da maigadi, amma da wuya ɓarawo ya ratsa lungu. Kowane gida yana da zaure, kowane zaure yana da dattijo ko maɗinki ko almajirai masu karatun dare. A kan dakali akwai masu hira har bayan lisha. Idan aka ga baƙuwar fuska ta wuce sau biyu, sai a yi sallama a ce, "Malam, gidan wa kake nema?" Wanda ya kama haya kuwa, maigidan ne zai kai shi gaban mai unguwa ya faɗi sunansa da garinsu da sana'arsa. Idon jama'a shi ne ya tsare mu.

A shekarar 2005 manyan sassan asibitin suka koma mazauninsu na dindindin a Shika. Ba mu ga laifin kowa ba, asibiti yana bukatar fili, amma ciniki ya bi shi ya tafi. Ɗakunan haya suka zama wayam, masu abinci suka kife tukwane. Dama jirgin ƙasa da ya raya Sabon Gari ya riga ya ja baya, masana'antun da ke ɗaukar samarinmu aiki suna ta rufewa. Sai kuma iyayen da suka gina gidajen suka riƙa rasuwa. Gida ɗaya na ƙasa, magada sun kusa cika masallaci, wasu a Kaduna, wasu a Legas, babu mai yarda ya zuba kuɗinsa a yaɓen abin da ba nasa shi kaɗai ba. Damina ɗaya ta kayar da katanga, ta biyu ta rufta da zaure, shi ke nan an sami kango. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A waɗannan kangaye ne aka fara shaye-shaye, a nan 'yan sara-suka ke ɓoye makamansu. Gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018, amma ƙwaya da sholisho ba su bar lungu ba. Ƙwacen waya ya kai ga mace ba ta iya zuwa kemis ita kaɗai bayan magariba. Kuma ba za mu ɓoye wa Sarki ba, da yawa daga cikin yaran nan mun san iyayensu, mu muka ci goron sunansu.

Muna cikin wannan hali sai masu kuɗi suka waiwayo mu. Da farko murna muka yi, muka ce ga masu gyara sun zo. Abin da ya kawo su ma ba ɓoyayye ba ne. Tun da 'yan bindiga suka addabi Birnin Gwari da Giwa, har suka shiga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli a watan Yuni na 2021 suka kwashe malamai da ɗalibai, duk mai hali da ya yi gini a bayan gari ya fara neman komawa cikin jama'a. Ga kuma ɗalibai da suka yi yawa, ɗakunan kwanan makarantu ba sa isar su. Filin da a da ba a ko taya shi, yau ana rububinsa. Dillalai sun san gidan da maigida ya tsufa fiye da yadda danginsa suka sani. Mun ga inda dillali ya zo zaman makoki, kafin addu'ar bakwai ya riga ya ja babban ɗa gefe yana kwatanta masa farashi. Matar mamaci tana cikin takaba za ta ji labarin an yi cinikin ɗakin da take zaune a ciki, ita tumuninta ko ɗaki guda ba zai saya mata a unguwar ba.

Allah ya ba ka nasara, ga yadda sabon ginin yake. A rushe gida mai zaure a tayar da katanga mai tsayin da ko raƙumi ba zai leƙa ba, a ɗora mata waya mai ƙaya, a sa ƙaton get na ƙarfe. Fitilun sola duk cikin gida suke kallo. Akwai maigadi, amma aikinsa daga get ne zuwa ciki, ko ihu ya ji a waje ba zai buɗe ba, don ba a ɗauke shi domin mu ba. Lungun da a da ake wuce ƙofofi goma a buɗe, yanzu katanga ce hagu da dama, babu mai zama, babu mai gani. Na ciki ya tsira, mai wucewa kuwa ya fi shiga hatsari fiye da lokacin da gidan yake kango, domin kango ma akwai inda mutum zai faɗa ya ɓuya. Wasu kuma jerin shaguna masu bene suke yi a bakin titi, da ƙarfe tara an kulle an watse, wurin ya yi tsit. Wasu ƙananan ɗakuna masu bayi da kicin a ciki suke jerawa, mai haya ya biya ta waya, ya karɓi mukulli a hannun dillali. Mai unguwa bai san shi ba, liman bai san shi ba, maigidan ma bai taɓa ganin fuskarsa ba. Yawancinsu ɗalibai ne 'ya'yan mutunci, amma a irin wannan tsari mugu ma zai yi shekara ba a tambaye shi daga ina ya fito ba.

Akwai wanda ya sayi gidaje biyu ya haɗe su da lungun da ke tsakaninsu, hanyar da ake fitar da gawa zuwa masallaci tun kakanninmu. Akwai wanda ya ɗaga dandamalinsa ya toshe magudanar ruwa, yanzu da an yi ruwan sama sai ya koma gindin gidajen ƙasa na maƙwabta, su faɗi, a zo a saye su da araha. Rijiyoyin burtsatse masu zurfi sun yi yawa, namu na guga suna ƙafewa tun kafin bazara ta yi nisa, sai sayen jarka a wurin 'yan ga-ruwa.

Haya kuwa ta gagari talaka. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023 komai ya tashi, mun sani, amma mai tura baro ko malamin Islamiyya da ya shekara ashirin a ɗaki, a ce masa ya biya ninki ko ya kwashe kayansa a ƙarshen wata, ina zai nufa? Bayan gari zai nufa, wato daidai inda masu kuɗin suka gudo saboda tsoro. Mai hali ya shigo tsakiya ya kewaye kansa, marar hali an tura shi bakin daji da iyalinsa. Sahun asuba ya ragu a masallatanmu. Makarantar allo da ke zaure ta watse da aka sayar da zauren. Ranar da aka yi rasuwa sai an aika wata unguwa a nemo masu wanka da masu haƙa kabari, alhali a da kafin a gama sanarwa sun hallara.

Ba muna cewa kada mutum ya sayar da halalinsa ba, kuma ba mu ƙi gini mai kyau ba. Cikin sababbin maƙwabtan akwai waɗanda suka fitar da famfo waje don jama'a, Allah ya saka musu da alheri. Mun kuma san cewa tun dokar filaye ta 1978 ikon ƙasa yana hannun gwamna, ba fada ke ba da izinin gini ba. Amma maganar Sarki tana shiga inda tamu ba ta kaiwa.

Babban roƙonmu shi ne Mai Martaba ya umarci hakimai da dagatai da masu unguwanni su dawo da al'adar nan ta gabatar da baƙo. Kada a ƙulla cinikin gida ko a sa ɗan haya sai mai unguwa ya shaida, ya rubuta suna da sana'a da wanda ya tsaya masa, ba tare da an mayar da abin hanyar karɓar kuɗi ba. Idan gidan gado ne, a tabbatar an zauna da dukkan magada, har mata da marayu, gaban malami ko alƙali kafin dillali ya karɓi la'ada. Malamanmu na Zazzau suna karantar da babin shufu'a, cewa abokin tarayya a gidan da ba a raba ba shi ya fi cancantar sayen rabon ɗan'uwansa kafin bare. Magada da yawa ba su san suna da wannan haƙƙi ba sai bayan katafila ta shigo. Muna roƙon a sa limamai su bayyana shi a huɗuba.

Muna kuma roƙon Sarki ya yi mana magana da hukumomin tsara birane da ƙaramar hukumar Zariya, a buɗe lungunan da aka haɗiye, a kwance ginin da ya hau magudanar ruwa, sannan a sa wa duk mai tayar da doguwar katanga sharaɗin ya juyo da fitila ko guda ɗaya ta haska hanya. Kangayen da aka yi watsi da su a kira masu su, ko su gyara ko su toshe ƙofa. Ɗan hayan da ya daɗe a ba shi wa'adi mai ma'ana, ko da har ƙarshen zangon karatun yaransa ne.

Game da sintiri, samarinmu a shirye suke, amma ba ma so su zama wata ƙungiyar daba da sabon suna. A tantance su ta hannun masu unguwanni, su yi aiki ƙarƙashin 'yan sanda da hukumar sintiri ta jiha, masu sababbin gidaje su ma su shigo cikin karo-karon da muke yi. Masu gine-ginen nan da za su riƙa ɗaukar birkiloli da kafintoci da leburori daga cikin unguwa, da an rage masu zaman kango.

A ƙarshe muna roƙon Mai Martaba ya turo wakili daga majalisarsa ya zaga da mu da ƙafa bayan sallar lisha, ya ga lungunan da idonsa, sannan a kira zama ɗaya da mu da sababbin maƙwabtanmu da dillalai a gaban Hakimi. Mun haɗo da sunayen lungunan da aka toshe da jerin kangayen a wata takarda daban, tana hannun mai unguwa.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya, Allah ya zaunar da Zazzau lafiya, amin.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
Dattawa, limamai, iyaye mata, 'yan haya da matasan lungunan tsohon asibiti,
Tudun Wada, Zariya.