Sanarwa: Zaman kwamitin makaranta ranar Asabar

Assalamu alaikum iyaye da dattawan unguwa.

Ranar Asabar bayan la'asar akwai zaman kwamitin kula da makaranta, wato SBMC, a harabar firamarenmu. Za a tsara buƙatun da za a kai wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, shi kuma ya miƙa su SUBEB, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha.

Ga masu cewa gyaran makaranta aikin gwamnati ne, ba ruwanmu: dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ware wa UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, amma jiha ba ta cin kasonta na gine-gine sai ta zuba kwatankwacinsa daga aljihunta. Daga nan SUBEB ke jera makarantun da za a yi wa aiki. To, makarantar da ba ta kai kukanta a rubuce ba, wa zai tuna da ita?

Duk wanda ya leƙa ya ga halin da ake ciki. Tun damina iska ta yaye kwanon ajin ƴan aji uku, yara suna zaune a kan buhu, banɗakin ƴan mata ko ƙyaure babu. A ganina banɗakin ya kamata a sa gaba, domin shi ke hana manyan ƴan mata zuwa.

Iyaye mata, don Allah ku fito, kuna da kujera a kwamitin. Hedimasta zai karanto abin da aka tara na gyaran famfo da yadda aka kashe shi.

Wanda ba zai samu zuwa ba ya rubuto shawararsa a nan kafin Juma'a.