Wasiƙa zuwa ga Lawal: Baturen da ya yi bankwana bai tafi ba

Southend, Ingila

Assalamu alaikum Malam Lawal,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Yaya Hajiya da ƙafar tata? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai sanyi da ya kunno kai, ga rana tana faɗuwa tun mutum bai gama hutun la'asar ba.

Saƙonka ya iso, har da tsiyar da ka yi mini kan hoton Baturen nan mai sanƙo da zare ido da na ɗora a waya. Wai ko mai gidan da nake haya ne ya zo karɓar kuɗinsa. Kai dai ba ka canja hali ba. To, amsar ta fi ƙarfin saƙon waya, shi ya sa na zauna na rubuto maka.

Sunansa Wilko Johnson, makaɗin jita ne, kuma a wannan yankin da nake zaune ya yi yawancin rayuwarsa. Wani dattijo da nake kula da shi a wurin aiki ne ya haɗa ni da kiɗansa, domin ba ya yarda a yi masa aski sai an kunna masa shi. Tun ina jin abin hayaniya har kunnena ya saba, daga nan na shiga YouTube ina bin hirarrakinsa. Hirar ce ta kama ni, fiye da kiɗan ma.

An haife shi a 1947 a tsibirin Canvey, nan kusa da mu, a bakin Kogin Thames. Wuri ne mai kwari, an kewaye shi da katangar tare ruwa, ga tankunan mai da hayaƙin matata ta ko'ina. Yana ɗan shekara biyar ambaliyar 1953 ta ci tsibirin, mutum 58 suka mutu. Sunansa na yanka John Wilkinson, shi ya juya shi ya koma Wilko Johnson. Ya karanta Turanci a Jami'ar Newcastle, har da tsohon adabin mutanen Iceland, ya ɗan taɓa koyarwa, sannan shi da abokansa na tsibirin suka kafa ƙungiyar Dr. Feelgood. A mashayun Landan suka yi suna, kuma a 1976 faifansu ya hau na ɗaya a duk Birtaniya. Shekara guda bayan haka rigima ta raba shi da su.

Sai ka gan shi yana kiɗa za ka gane. Bahago ne amma da dama yake kaɗawa, kuma ba ya amfani da 'yar robar nan da makaɗa ke riƙewa, da yatsu tsirara yake dukan tsirkiya, yana fitar da amo biyu lokaci guda kamar mutum biyu ne ke kiɗan. Baƙaƙen kaya, ido a waje, yana zarya a dandamali gaba da baya, kai ka ce bori ne ya hau. Jitarsa Fender Telecaster ce baƙa mai jan allo a gaba, kuma yakan ce wai ya zaɓi ja ne don kada a ga jinin yatsunsa. Wannan fuskar tasa ce ta sa masu shirin Game of Thrones suka ɗauke shi ya fito a matsayin hauni, wanda aka yanke wa harshe. Da aka tambaye shi yadda ya ji aikin, sai ya ce ai babu wuya: ba haddar magana, harara kawai ake so, shi kuwa harara sana'arsa ce tun fil azal.

Yanzu ga inda nake son kai ka. A farkon 2013 aka sanar cewa yana da ciwon daji a pankiriyas, gaɓar nan da ke bayan tumbi mai daidaita suga a jiki. Likitoci suka ce ba ya ciruwa da tiyata, suka ba shi kamar wata goma. Suka ce in ya yarda a ɗura masa maganin ciwon daji mai ƙarfi, ƙila ya ƙara 'yan watanni. Ya ce a bar shi, gara ya yi sauran kwanakinsa a tsaye da ya yi su a kwance yana amai. Yana da shekara 65.

Abin da ya faɗa game da ranar da aka gaya masa shi ne ya fara tsayar da ni. Ya ce da ya fito daga asibiti sai ya ji wani irin farin ciki ya lulluɓe shi, itatuwa da sama da komai suka yi masa kyau kamar bai taɓa ganinsu ba. Kuma bai ce don shi jarumi ne ba. Cewa ya yi shi fa duk rayuwarsa mutum ne mai ƙunci da yawan damuwa, sai ga shi an sauke masa kayan gobe da na jiya lokaci guda, babu sauran abin tunani sai yau. 'Yan jarida suka yi ta ƙoƙarin naɗa masa rawanin gwarzo, yana turewa. Shi a wurinsa ba yaƙi yake yi da ciwon ba, an gaya masa abu ne ya karɓa. Ka san aikina, Lawal. Na ga masu jinya iri-iri, kuma na san yadda mutum kan so a yaba masa haƙurinsa, ba laifi ba ne. Amma a miƙo maka yabon a gaban duniya ka ce a mayar, ba naka ba ne, wannan ban cika gani ba.

Kuma ba wai bai san mutuwa ba ne. Matarsa Irene, wadda suka taso tare tun suna samari, ciwon daji ne ya ɗauke ta a 2004. In hira ta zo kanta, duk barkwancin nan sai ya ɗauke, ka ga dattijo yana neman kalma ya rasa. A nan na gane cewa dariyar da yake yi wa nasa ciwon ba ta rashin hankali ba ce. Ya riga ya ga mafi muni a wurinsa, wato ya zauna yana kallon wadda yake so tana ƙarewa bai iya komai ba. Nasa kuwa mai sauƙi ne a kan wannan.

Sai ya shirya wasannin bankwana a watan Maris na 2013, shi da Norman Watt-Roy mai jitar bes da Dylan Howe mai ganga. Tikiti ya ƙare nan da nan. Manyan mutane masu furfura suna kuka a gaban dandamali, shi yana ɗaga musu hannu yana murmushi. Aka gama bankwana, aka koma gida ana jiran labari.

Shiru. Bazara ta zo, mutumin yana nan. Ya ci gaba da wasa a bukukuwa, har Japan, inda suke matuƙar sonsa. Wata goman ya cika ya wuce. Shi da kansa ya mayar da abin abin dariya, yana cewa kunya ta fara kama shi: ka tara jama'a ka yi musu sallama, sun yi kuka sun gaji, sai kuma a yi ta karo da kai a gari. Ƙarin kuwa yana ta girma har cikinsa ya turo, jitar tana zaune a kai in yana kiɗa. A ƙarshen shekarar ya shiga ɗakin ɗaukar sauti da Roger Daltrey, mawaƙin ƙungiyar The Who, suka gama faifai cikin kamar mako guda, domin a ganinsu babu lokacin ɓatawa. Faifan ya fito a Maris na 2014 ya hau na uku a Birtaniya, matsayin da Wilko ya yi kusan shekara arba'in bai leƙa ba. Wato sai da aka ce zai mutu kasuwarsa ta buɗe, kuma shi ne kan gaba wajen yi wa wannan dariya.

Cikin masu zuwa kallonsa akwai wani likitan tiyata, Charlie Chan, mai sha'awar ɗaukar hoto a wuraren kiɗa. Shi ne ya dube shi ya ce lissafin nan bai fita ba: in da irin ciwon da aka ce ne, da tuni an binne shi, ba ya nan yana tsalle ba. Ya tura shi asibitin Addenbrooke's da ke Cambridge wurin wani likita, Emmanuel Huguet. Aka sake bincike, ashe ƙarin wani iri ne mai tafiyar hawainiya, ba mai saurin kisan ba. A ƙarshen Afrilu na 2014 aka shiga da shi tiyata, awa 11 kamar yadda ya faɗa. Aka cire pankiriyas ɗin gaba ɗaya, da saifa, da wani sashe na tumbi da hanji, da ƙari mai nauyin kilo 3. A watan Oktoba ya hau dandamali karɓar lambar yabo ta mujallar Q, ya gaya wa jama'a cewa ya warke, ya ce abin da aka ciro masa nauyin jariri ne, kuma wata da watanni yana ɗauke da shi yana kiɗa.

A nan zan ɗan saɓa da masoyansa, domin wasu sun mayar da ƙin shan maganin nasa abin koyi. Ni ban ga haka ba. Ba ƙin magani ne ya tashe shi ba, likita na biyu ne da ya sake dubawa, da wuƙar likita na uku. In wani naka ya kwanta aka ce babu yadda za a yi, a nemi wani likitan ya sake gani in da hali. Wilko kansa bai taɓa cewa kowa ya bi sawunsa ba.

Sannan ga abin da ya fi burge ni duka. Wani ne da ya tashi daga irin wannan, sai ya buɗe shagon wa'azi, yana koya wa mutane sirrin rayuwa. Shi kuwa ya fito fili ya ce warkewar ta fi masa wuya a kan jiran mutuwar. Ga raunin jiki, ga ciwon suga da allurar insulin har ƙarshen rayuwa tunda babu pankiriyas, ga kuma gobe da ta dawo da duk kayanta. Farin cikin nan na shekarar bankwana ya gudu. Ya ce da ya ji tsohon ƙuncinsa ya dawo, a nan ya tabbatar lallai ya samu sauƙi. Na yi dariya har da hawaye da na ji wannan, domin gaskiya ce tsirara wadda ba kowa ke iya faɗa a kan kansa ba.

Na san abin da za ka tambaya, don na san ka. A'a, ba mai addini ba ne, da bakinsa ya ce bai yarda akwai wata rayuwa bayan wannan ba. Yana da na'urar hangen taurari a saman rufin gidansa, yakan kwana yana kallon sama, amma kallon bai kai shi inda ya kai mu ba. Ni da na ji labarin, abin da ya zo bakina shi ne wa'adi bai yi ba, shi kuwa zai ce sa'a ce da gwanintar likitoci. Mun rabu a nan. Sai dai hakan bai hana ni jin kunya ba in na tuna yadda mura kawai ke sa ni cika gida da ƙorafi, alhali ni ne aka karantar da ni tawakkali tun ina allo.

Ya ƙara shekara takwas bayan tiyatar. Ya yi bikin cika shekara 70 da wasa a Royal Albert Hall a 2017, ya fitar da sabon faifai a 2018, yana kiɗa har 'yan makonni kafin ƙarshe. Ya rasu a gidansa da ke Westcliff, nan cikin garinmu, ranar 21 ga Nuwamba, 2022, yana da shekara 75.

In ka samu data, nemi bidiyonsa na shekarun 1970 ka fara gani, sannan ka kalli hirarrakin 2013. Ka rage sauti kafin ka kunna na farkon, kada Hajiya ta ce na lalata ka daga nesa. Turancinsa na mutanen Essex ne, wato yankin nan namu, yana haɗiye rabin kalma, amma za ka tsinci abin da za ka tsinta.

Maganar kuɗin makarantar Abba kuma, na yi magana da wanda zai taho ƙarshen wata, zan ba shi saƙo. Yajin da ka ce Maman Abba ta daka mini, don Allah a ƙulle shi da kyau a leda biyu, na bara duk ya zube a cikin kayan mutane. Ka gaishe ta, ka gaida Hajiya da yara, da su Malam Sani na majalisa.

Naka,
Habibu