Ba sai an ce maka "buge shi" ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi magana kan wani wasa da ba mu da shi a nan Tahoua, amma ya tsaya min a rai. Ɗan ƙanwata da ke karatu a Kanada ya turo min bidiyon wasan hoki na kan ƙanƙara. Ana cikin wasa sai mutum biyu suka yar da sanduna, suka tuɓe safar hannu, suka hau kirɓar juna, alƙalai na tsaye suna kallo. A NHL, babbar gasar hoki ta Amurka da Kanada, hukuncin wannan minti 5 ne a waje, sannan ka dawo. Yaron ya ce min ai ba wanda ake tilastawa, ganin damarsu ne.

Ban yarda ba. Ni ɗan mahauta ne, na yi dambe da ƙuruciya. Ba a taɓa kama hannuna an jefa ni fage ba. Amma in mai kalangu ya kira sunanka da na ubanka, dattawan unguwa suka juyo suna dubanka, ina za ka sa ƙafa? Ranar da na shiga da kumburarren hannu, mai gidanmu ya gani sarai, ya kau da kai, ya miƙo min zaren ɗauri.

A dubi Derek Boogaard, wani ɗan wasan hoki da ya yi suna wajen faɗa. Wasa 277 ya yi a NHL, sau 3 kacal ya zura a raga. To kuɗin me ƙungiyoyin Minnesota da New York suke biyansa, in ba na naushi ba? Wanda abincinsa ke cikin dunƙulen hannunsa ba sai an ba shi umarni ba, ya san ranar da ya ƙi faɗa, ranar zai naɗe tabarmarsa. Ya rasu a 2011 yana da shekara 28, bayan ya haɗa giya da maganin kashe zafin ciwo. Da likitoci suka duba ƙwaƙwalwarsa sai suka tarar dukan kai ya riga ya lalata ta. Wallahi da na ji haka sai da na yi ƙwalla.

Kuma da an so hanawa da an hana. A wasannin Olimfik wanda ya yi faɗa korarsa ake yi, gasar matasa ta Kebek a Kanada ma ta haramta shi a 2023.

Jikana ne ya rubuta min wannan takarda, don yatsuna na dama ba sa riƙe biro tun wancan damben.

Naka,
Tsohon ɗan dambe, Tahoua