Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Walin Jihar Bahar Maliya: Kafso Ba Ya Maye Gurbin Ƙanƙara

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum.

Ni mai sana'ar kifi ne a Bur Sudan. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 garin nan ya cika maƙil, wutar lantarki sai ta ga dama, ƙanƙara kuwa ta yi tsada. Cikin wannan matsi ne wani abokin sana'a ya ba ni shawarar da ta hana ni barci: wai in fasa kafson tetirasaikilin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, in barbaɗa a ƙanƙara, kifin najil da jatan lande su ƙara kwana.

Ba shi ya fara ba. Amurka ta halatta sa irin wannan magani a ƙanƙarar kifi a 1959, ta janye izinin a 1966. Kifin yakan ƙara 'yan kwanaki, gaskiya ne. Sai dai ƙwayoyin cuta masu rauni ne kawai maganin yake kashewa. Ƙwayoyin da suka jure, irin wasu daga dangin Pseudomonas, sai fili ya zama nasu, su hayayyafa son ransu. Kifi dai ya ruɓe, ido ya dushe, ciki ya saki, ga kuma ragowar magani a jikinsa. Abin da ya fi tayar mini da hankali, ƙwayoyin cuta suna miƙa wa juna wannan juriya. Ranar da yaro ya kwanta da zawo, sai a ba shi magani ya ƙi ci.

Kifin tuna kuma, in ya sha zafin rana yakan tara sinadarin histamin mai sa wa wanda ya ci rashin lafiya, wanda ba kafso, ba suya da ke raba shi da shi.

Allah Ya yi mana gata ma: kifin ruwa mai ɗumi irin namu ya fi na ƙasashen sanyi daɗewa a ƙanƙara, muddin an lulluɓe shi tun daga cikin jirgi, kilo guda na ƙanƙara ga kilo guda na kifi, ana tsiyaye ruwan da ya narke.

Don haka roƙona, ranka ya daɗe, a ware wa masana'antun ƙanƙara wuta wadda ba ta yankewa, ko a taimaka musu da sola. A hana kemis sayar da waɗannan magunguna ba takardar likita. Ma'aikatan lafiya kuma su shigo kasuwa da asuba, lokacin da jirage ke sauke kaya, su yi mana bayani da Larabci da Bijanci (harshen ƙabilar Beja) da Hausa, don da yawanmu ba mugunta ke damunsu ba, tsoron asara ne.

Naka mai biyayya,
Wani ɗan kasuwar kifi, Bur Sudan