Gaisuwar Babbar Sallah daga Faris

Zuwa ga Baba da Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ina yi muku barka da Sallah, Allah Ya maimaita mana.

Da sassafe na yi sallar Idi a Babban Masallacin Faris, wanda aka buɗe tun 1926, daga nan kuma na wuce ɗakin aiki, domin a Faransa ba a ba da hutun Sallah. Doka ba ta yarda mutum ya yanka rago a gida ba, sai a mayankar da hukuma ta amince da ita, shi ya sa na turo wa Yaya kuɗin layyata, a yanka a nan gida a raba wa maƙwabta.

Baba, turkuɗin da ka sa aka rino mini a marinar Ƙofar Mata ya iso lafiya. Da na kwance ƙunshin, ƙamshin shuni ya cika ɗakin, tafin hannuna ya yi shuɗi, har na ƙi wankewa sai da dare. A kansa nake aiki yanzu: nakan ɗaure shi a jikin katako, in zana dagi da irin zayyanar da magina suke yi a fuskar zaure, sannan in bi layukan da allura da farin zare. Ƙyalle ɗaya yakan ci mini mako uku, ga ciwon wuya. Ka kwantar da hankalinka, kamar yadda na yi maka alkawari, ba na zana surar mai rai.

Tafiyar da na yi zuwa Dakar a Nuwamban 2024 ce ta jawo mini alherin da zan ba ku labarinsa. A can ake yin babban baje kolin zane-zanen Afirka duk bayan shekara 2, a tsohon ginin kotu da ke kusa da teku, kuma a birnin na tarar da 'yan'uwanmu na Nijar suna gasa tsire, wanda Sanigalawa suke kira dibin Hausa. Wata mai gidan baje koli ta ga aikina, ta karɓi lambata, na ɗauka maganar fatar baki ce, sai ga shi ta ba ni wuri in rataye ayyukana guda 12 bayan Sallah. Rabin kuɗin duk abin da aka sayar nata ne, abin da har yanzu nake ganin ya yi yawa.

Inna, tsohon zanenki mai bakin saƙi yana cikinsu, amma na gaya mata wannan ba na sayarwa ba ne. A gaishe mini da Goggo da su Auta, a kuma ajiye mini kilishi.

Wassalam,
Ɗanku