Godiya ga ma'ajiyar duwatsun teku ta Jami'ar Texas A&M

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan Gulf Coast Repository, College Station, Amurka.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu masu auna gudun igiyar girgiza cikin dutse muna yaba muku a bainar jama'a kan adana sandunan basalt, wato baƙin dutsen aman wuta, da aka haƙo daga ƙasan teku. Na ramin 504B a tekun Pasifik, wanda aka fara haƙa a 1979 ya kai mita 2,111 a 1993, su ne suka fi yi mana rana.

Tun 1976 masana Houtz da Ewing suka nuna cewa igiyar na ƙara gudu a saman ɓawon teku, wato shimfiɗar dutsen da ke ƙarƙashin teku, gwargwadon tsufansa. A sabon ɓawo takan yi kimanin kilomita 2.5 a daƙiƙa, cikin shekara miliyan 10 ta haura 4. Guntun dutse a ɗakin gwaji kuwa akasin haka yake: lafiyayye kusan kilomita 6, wanda ruwan teku ya daɗe yana ci ya faɗo wajen 4. Duba sandunanku ke raba gardamar. Ruwan na mayar da gilashin da ke cikin dutsen da ma'adinin olibin ɗinsa yumɓu, sai guntun ya rage nauyi da tauri. Wannan yumɓun, da farin ma'adinin kalsait da tsatsar ƙarfe, su ne kuma ke cike tsage-tsagen ɓawon, shi ya sa igiyar ke ƙara gudu a cikinsa. Ana ganinsu da ido, jijiyoyi kore da fari da ja sun ratsa baƙin dutse.

Tsarinku na raba kowace sanda gida biyu, rabi na aiki rabi na ajiya, da rubuta zurfin kowane yanki, shi ya sa awo ke da ma'ana. Akan yanki gunti mai santimita 2 a tsawo da faɗi da kauri, a zuƙe iskar cikinsa, a jiƙa shi da ruwan teku awa 24, sannan a aika masa sauti a auna gudunsa. In aka auna shi a bushe, ko ba tare da matsi ba, ƙananan tsagar da haƙa ta buɗe sai su ja lambar ƙasa, a ɗora wa tsufa laifin da ba nasa ba.

Mun fi jinjina muku kan bayyana yawan dutsen da bai fito ba. A saman 504B kusan kashi ɗaya cikin uku kaɗai aka samu, domin ruɓaɓɓen dutse marmashewa yake a bakin na'urar haƙa. Wanda bai san haka ba zai ɗauka ɓawon ya fi yadda yake ƙarfi.

Allah Ya ƙara basira, Ya saka da alheri.

Naku,
Wasu malaman kimiyyar ƙasa